Hannun Ƙwayoyin Hanji a Ciwon Damuwa da Maganinsa

Duk likitan da ya daɗe yana duba masu ciwon damuwa ya san wannan al'amari. Mutum biyu za su zo da kuka iri ɗaya, wato rashin barci, mutuwar jiki, ɗaukewar sha'awar abinci da ta shiga jama'a, da baƙin cikin da ya ƙi tafiya, a rubuta musu ƙwaya iri ɗaya a ma'auni ɗaya, bayan mako shida ɗaya ya dawo yana godiya, ɗayan kuwa ya dawo jiya i yau, ko ma ya ƙaro tashin zuciya da murɗar ciki a kan abin da ya zo da shi. Babban binciken da aka yi a Amurka a kan wannan matsala, mai suna STAR*D, wanda ya ƙunshi marasa lafiya sama da 4,000 kuma sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko da aka ba su. Sauran sai da aka canza musu magani ko aka ƙara musu wani, kuma kowane canji yana cin makonni ga mutumin da wayewar gari kanta ta zame masa nauyi.

Akwai dalilan da aka riga aka sani. Hantar wani tana narka magani da sauri har ba ya taruwa a jini, ta wani kuma tana jinkiri har ya yi masa yawa. Wani ciwonsa ba damuwa ce zalla ba, wani ba ya shan maganin yadda aka ce, wani kuma abin da ya jefa shi cikin halin, talauci ne ko rashin zaman lafiya a gida, yana nan bai gusa ba. Amma a cikin shekaru ashirin da suka wuce an ƙara wani abin zargi, wato ɗimbin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin kowane ɗayanmu. Ƙididdigar da masana na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a 2016 ta nuna cewa a jikin baligi matsakaici akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, kuma nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Ra'ayina, bayan bin wannan fage, shi ne cewa alaƙar gaskiya ce, amma hujjarta ta fi ƙarfi a kwanon gwaji da jikin ɓera fiye da a jikin mutum, kuma masu kasuwanci sun riga masu ilimi isa kasuwa.

Labarin ya fara ɗaukar hankali ne a 2004, lokacin da Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka yi gwaji da ɓerayen da aka haifa aka kuma raina a cikin keji mai tsafta ƙwarai, ta yadda babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu. Da aka matse waɗannan ɓeraye a cikin bututu don a tayar musu da hankali, sinadaran tashin hankali da jikinsu ya zuba a jini sun zarce na ɓerayen da ke da bakteriya nesa ba kusa ba. Da aka ba su bakteriya guda ɗaya mai suna Bifidobacterium infantis sai abin ya daidaita. A 2011 kuma rukunin John Cryan da Ted Dinan na Jami'ar Cork a ƙasar Ailan, tare da abokan aikinsu na Kanada, suka ciyar da ɓeraye wani nau'in Lactobacillus rhamnosus, suka ga halayensu na tsoro da karaya sun ragu, har ma da sauyi a cikin ƙwaƙwalwarsu. Sai suka yanke doguwar jijiyar nan da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro ta wuya da ƙirji har ciki, wadda likitoci ke kira bagus, sai tasirin bai bayyana ba. Wannan ya nuna hanyar da saƙon ke bi. A 2016 rukunin Cork ɗin, da wani rukuni a birnin Chongqing na ƙasar Sin, kowane a nasa ɓangaren, suka ɗebi bayan gidan mutane masu ciwon damuwa suka dasa shi a hanjin ɓeraye, sai ɓerayen suka fara nuna alamun karaya. Na Cork har suka rage kula ruwan sukari, abin da ɓera mai lafiya ba ya wucewa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake auna karayar ɓera, domin a nan ne ake yawan yin zuzutawa. Ana cika doguwar kwalba da ruwa, a saka ɓera a ciki na kimanin minti shida, mai bincike yana riƙe da agogo yana lissafa daƙiƙun da ya yi yana fafutukar fita da waɗanda ya saki jiki yana shawagi a kan ruwa. Wanda ya saki jiki da wuri shi ake cewa ya karaya. Tsakanin wannan da halin matar da ta kasa tashi daga shimfiɗa ta shayar da jaririnta, ko magidancin da ke jin cewa iyalinsa za su fi hutawa idan babu shi, akwai tazara mai yawa. Masu binciken na Cork da kansu sun ga haka, domin da suka ba maza masu lafiya wannan Lactobacillus ɗin da ya yi abin mamaki a jikin ɓeraye, sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna cewa bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba. Sun cancanci yabo da suka wallafa shi.

A ɓangaren mutane, binciken da ya fi nauyi ya fito ne daga Beljiyam a 2019, daga rukunin Jeroen Raes na Jami'ar Leuven. Sun duba bayan gidan mutum 1,054, suka gano cewa bakteriya iri biyu, Coprococcus da Dialister, sun yi ƙaranci a hanjin masu ciwon damuwa ko da an cire tasirin magungunan da suke sha daga lissafi, sannan suka sake ganin haka a wani rukunin mutane a Holan. A 2022 wani bincike a birnin Amsterdam ya duba mutum 3,211 daga ƙabilu shida, har da 'yan asalin Gana mazauna birnin, ya ga cewa alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin hanji da alamun damuwa kusan iri ɗaya ce a dukkan ƙabilun. Amma da masana na King's College a Landan suka tattara bincike 59 suka nazarce su tare a 2021, sai suka ga cewa raguwar Faecalibacterium da Coprococcus da ƙaruwar Eggerthella ba su keɓanta da ciwon damuwa ba. Ana ganin su a masu ciwon fargaba da masu wasu manyan cututtukan taɓin hankali. Wato babu wani tambari a hanji da za a gani a ce wannan ciwon damuwa ne.

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. Mai ciwon damuwa cin abincinsa yana canzawa, wani ya daina ci, wani ya koma kan shayi da biredi da kayan zaƙi. Barcinsa yana rikicewa, motsa jikinsa yana raguwa, cikinsa yana cushewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya ƙwayoyin hanji, kuma binciken Beljiyam ɗin da kansa ya nuna cewa tauri ko laushin bayan gida na cikin manyan abubuwan da ke tafiya da irin bakteriyar da ake samu. Saboda haka idan an ga bambanci tsakanin hanjin mai damuwa da na mai lafiya, yana iya zama ciwon ne ya sauya hanjin, yana iya zama hanjin ne ya taimaka wajen kawo ciwon, kuma abin da ya fi kama hankali shi ne kowane yana ingiza ɗan'uwansa.

Akwai wata magana da ta yaɗu a Facebook da TikTok, cewa kashi 90 cikin 100 na sirotonin, sinadarin da ake dangantawa da walwalar zuciya, a hanji ake yin sa, don haka farin ciki daga ciki yake fitowa. Rabin farko gaskiya ne, kuma rukunin Elaine Hsiao a Amurka ya nuna a 2015 cewa wasu bakteriya suna zuga bangon hanji ya ƙara yin sa. Rabi na biyu ba haka yake ba. Sirotonin ɗin hanji aikinsa motsa hanji ne da taimaka wa jini wajen daskarewa, kuma ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata daga wani sinadari da ake samu a abinci mai gina jiki, mai suna tiriftofan. Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ta kumburin cikin jiki. Idan garkuwar jiki ta harzuƙa, jiki yakan karkatar da tiriftofan zuwa wata hanya daban da ke samar da sinadaran da wasunsu ke cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. An ga ƙarfin wannan a lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, wadda ke harzuƙa garkuwar jiki da gangan: kusan ɗaya cikin uku zuwa huɗu sukan faɗa ciwon damuwa a tsakiyar jinya. Su kuwa Faecalibacterium da Coprococcus, waɗanda ke raguwa a hanjin masu damuwa, aikinsu shi ne ruɓar da dusa da harzar abinci su samar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne abincin bangon babban hanji, yana ƙarfafa shi yana kuma kwantar da kumburi. A 2014 wani binciken Turai mai suna GENDEP ya nuna cewa marasa lafiyar da ma'aunin kumburi na jininsu ke ƙasa sun fi samun sauƙi da maganin damuwa mai suna escitalopram, waɗanda nasu ke sama kuma sun fi samun sauƙi da wani mai suna nortriptyline. Ba hanji suka auna ba, amma ya nuna cewa kumburi na da hannu a zaɓen magani.

Sashen da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke faruwa tsakanin ƙwayar magani da bakteriya bayan an haɗiye ta. Tarihi ma ya yi nuni da wannan tun farko, domin ɗaya daga cikin magungunan damuwa na farko, iproniazid, an yi shi ne don tarin fuka. A 1952 aka lura a asibitin Sea View da ke New York cewa masu tarin da ake ba shi sun cika da walwala da cin abinci, daga nan likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗauke shi, kafin daga baya a janye shi saboda illar da yake yi wa hanta. A 2018 masana a cibiyar binciken halittu ta Turai, EMBL, da ke Heidelberg a Jamus suka gwada magunguna sama da 1,000 a kan bakteriyar hanji iri 40, suka ga cewa kashi 24 cikin 100 na magungunan da ba don kashe ƙwayoyin cuta aka yi su ba suna hana aƙalla iri ɗaya girma, kuma magungunan taɓin hankali na cikin waɗanda suka fi yin haka. A shekarar da ta biyo baya rukunin Hsiao ya gano wata bakteriya, Turicibacter sanguinis, da ke tsotse sirotonin ta wata kafa mai kama da ta ƙwayoyin jikinmu, kuma fluoxetine, maganin damuwar da aka fi sani da Prozac, yana toshe wannan kafa ya hana ta zama a hanji. Ashe ƙwayar da aka aika wa ƙwaƙwalwa tana yin aiki a kan hanya tun kafin ta isa.

Su ma bakteriyar ba zama suke yi ana cin su ba. Masana a Jami'ar Yale sun haɗa magunguna 271 da bakteriya iri 76 a 2019, suka ga cewa 176 daga cikin magungunan akwai aƙalla bakteriya ɗaya da ke sauya su. A wasu cututtukan wannan ya wuce hasashe. Tun farkon shekarun 1980 aka gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma da ke shan digoxin, maganin zuciya, wata bakteriya a hanjinsu, wadda yanzu ake kira Eggerthella lenta, tana lalata shi, kuma idan aka ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta sai digoxin ɗin ya hauhawa a jininsu. Haka nan an nuna a 2019 cewa Enterococcus faecalis tana cinye levodopa, maganin ciwon makyarkyata da likitoci ke kira Parkinson, kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Game da maganin damuwa kuwa, wani aiki da aka wallafa a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa wasu bakteriya suna haɗiye duloxetine su ɓoye shi a cikinsu ba tare da sun sauya shi ba, wato su rage abin da jiki zai samu. Kafin nan, a 2019, masana a Jami'ar Bar-Ilan ta Isra'ila sun ga cewa idan aka ba ɓeraye Ruminococcus flavefaciens tare da duloxetine, ƙarfin maganin yana raguwa.

Duk da haka dole a ja birki. Yawancin magungunan damuwa a ƙaramin hanji jiki ke tsotse su, inda bakteriya ba su da yawa idan aka kwatanta da babban hanji, don haka abin da ya faru a kwanon gwaji ba lalle ne ya faru da wannan girma a cikin mutum ba. Binciken da aka yi a kan marasa lafiya, inda aka ɗebi bayan gida kafin fara magani aka jira a ga wanda zai samu sauƙi, yawanci ƙanana ne masu mutane 'yan gommai, kuma sunayen bakteriyar da wannan ya samu sukan saɓa da na wancan. Har yanzu babu wata hukumar lafiya da ta amince da gwajin bayan gida a matsayin hanyar zaɓa wa mai damuwa magani, kuma duk kamfanin da ya ce a aiko masa da samfuri da kuɗi zai faɗi maganin da ya dace, ya yi gaban ilimi.

Haka abin yake ga ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake sayarwa a kwalabe, waɗanda ake kira furobayotik. Gwaje-gwajen da suka fi tsafta, kamar na Basel a Suwizalan a 2022 mai mutum 47 da na King's College a 2023 mai mutum 49, sun ga ɗan ƙarin sauƙi, amma a duka biyun ƙari aka yi a kan maganin asibiti, ba maye gurbinsa ba, kuma su kansu masu binciken sun ce sai an maimaita da mutane da yawa. Abinci ma yana da tasa hujjar: a gwajin SMILES da Felice Jacka ta jagoranta a Ostireliya, wanda aka wallafa a 2017, an raba masu ciwon damuwa 67 gida biyu, kuma bayan mako 12 kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka gyara wa abinci sun warware, a kan kashi 8 na ɗaya gidan da ba a gyara wa abinci ba, ko da yake gwajin bai tabbatar da cewa ta hanyar bakteriya sauƙin ya zo ba. Dashen bayan gida kuwa, wanda ya tabbata yana warkar da wata muguwar gudawa mai dawowa, ba abin wasa ba ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani majinyaci ya rasu sakamakon bakteriya mai bijire wa magani da aka dasa masa.

To, ina muka tsaya a wannan lissafi? Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa sama da kashi 71 cikin 100 na samfuran ƙwayoyin jikin ɗan'adam da aka ajiye a rumbunan bincike na duniya daga Turai da Amurka da Kanada suka fito. Alhali tun 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence, suka ga hanji biyu da suka sha bamban: na yaran ƙauyen cike da bakteriyar Prevotella mai ruɓar da harza, kuma sinadaran nan irin su butiret sun fi yawa a bayan gidansu. Abincin waɗannan yara ya yi kama da abincin ƙauyukan Katsina da Maraɗi, tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono, ɗanwake da kwaɗon zogale. Abin da aka gano a cikin mai cin cuku da burodin alkama a Leuven ba za a ɗauko shi kai tsaye a ɗora wa mai shan kunun tsamiya ba. Wannan kuma ba dalili ba ne na cewa abincinmu rigakafin damuwa ne, domin ciwon yana nan a ƙauye kamar yadda yake a birni, sai dai a kira shi da wani suna ko a danganta shi da iska.

Abin da ya fi shafarmu kai tsaye shi ne yadda muke mu'amala da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Kowa ya san yadda ake yi a kemis ɗin unguwa: mutum ya zo ya ce cikinsa na juyawa, yaron shago ya yanko masa Flagyl huɗu da kafso ja da rawaya biyu, ya ƙulla a leda, babu takardar likita, babu gwaji, wata mai zuwa a sake. A bakin tasha kuma ga mai mota da lasifika yana tallar maganin wankin ciki da basir da dattin mara a jarka. Yin haka tamkar banka wa gona wuta ne don a kashe ciyawa, domin Flagyl ya fi kashe bakteriyar da ba ta son iska, kuma masu samar da butiret ɗin nan daga cikinsu suke. Wani babban nazari a kan bayanan marasa lafiya na Birtaniya a 2015 ya ga cewa yawan shan irin waɗannan magunguna yana tafiya tare da ƙarin haɗarin damuwa, ko da yake rashin lafiyar da ta sa aka sha su ma tana iya zama sanadi. Ga kuma amitriptyline, wani maganin damuwa wanda arharsa ta sa ya zama ruwan dare a asibitocinmu, yana busar da baki yana taurara bayan gida, sai majinyaci ya nufi mai maganin wankin ciki ba tare da likitansa ya sani ba.

Saboda haka wanda ke shan maganin damuwa ya gaya wa likitansa duk abin da yake haɗawa da shi, na kemis da na gargajiya, ya kuma faɗi yadda cikinsa yake ba tare da jin nauyi ba. Tashin zuciya da sassaucin bayan gida da ke zuwa a farkon shan fluoxetine ko sertraline yawanci sukan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, maganin kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci. Yanke shi rana ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon, kuma nono ko yogot ba za su tsaya a madadinsa ba. Wanda tunanin halaka kansa ya fara zo masa, asibiti za a kai shi a ranar.

Binciken da ya kamata a yi a nan ba mai wuyar tsarawa ba ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna ganin sababbin marasa lafiya kullum. Abin da ake buƙata shi ne a karɓi samfurin bayan gida da na jini kafin a haɗiyi ƙwayar farko, a rubuta abin da mutum ke ci da magungunan da ya sha a watannin baya, a bi shi mako takwas ana auna sauƙinsa da ma'auni ɗaya, sannan a kwatanta waɗanda suka warware da waɗanda ba su warware ba. Sai an tara ɗaruruwan mutane kafin sakamakon ya yi nauyi, kuma samfurin yana buƙatar firji mai riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, wanda ke nufin kuɗin wuta da na man janareta sai sun shiga kasafin tun daga shafin farko.